Dawar Bakin Hanya

Wayar ta sake yin gurnani a cikin jaka, Mardiya ta danne ta da gwiwar hannu. Dakta Abdullatif ba ya wasa da ƙarar waya a ajinsa, ya sha korar ɗalibi a kan haka, ga shi yau da zafinsa ya shigo. Ya rubuta kalma ɗaya a allo, ya ja mata layi, ya juyo yana duban 'yan ajin ƙarshe na sashen hulɗar ƙasa da ƙasa, waɗanda rabinsu barci ne cike da idonsu.

Tsaro, in ji shi, kowa na faɗinsa, amma ba kowa ya san abin da yake faɗi ba. Masanan farko sun ɗauka abu ne na ƙasa, wato iyaka da soja da makami. In ƙasa ta tsira daga maƙwabciyarta, shi ke nan, kowa ya tsira. Daga baya wasu suka ce ba su yarda ba, mutum ne abin tsarewa, da tsoronsa da cikinsa. Wanda ya kwana da yunwa ba ya cikin tsaro, ko da an ajiye masa tankar yaƙi a ƙofar gida. Wani daga can baya ya ɗaga hannu ya tambaya ko wannan zai fito a jarrabawa. Dakta ya yi masa kallon da ake yi wa akuyar da ta shiga masallaci, ya ci gaba da maganarsa.

"Na uku shi nake so ku riƙe," ya ce. "Kalmar da kanta makami ce. Duk abin da aka yi nasarar laƙaba wa sunan tsaro, an fid da shi daga cikin abubuwan da ake gardama a kansu. Daga ranar, duk wanda ya ce a tsaya a duba, shi ma ya zama abin dubawa."

Wayar ta sake. Mardiya ta leƙa, ta ga sunan Inna Kande. Mahaifiyarta ba ta kira, sai dai ta yi filashin a kira ta, don a wurinta ƙona kati a kan gaisuwa almubazzaranci ne. In har ta bari waya na ta shiga haka, to ba lafiya ba. Mardiya ta sulale ta ƙofar baya ta tsaya a baranda.

Inna ko sallama ba ta amsa da kyau ba. Ta ce kwamitin tsaro na garinsu, Tudun Marke, can bayan Rawayau, ya zauna bayan sallar asuba ya yanke cewa duk dawar da ke bakin hanya a sare ta yau, kafin rana ta faɗi. Shekaranjiya da magariba 'yan bindiga sun fito daga cikin dawa sun tare wani maƙwabcinsu, Jamaluddeen, a kan babur ɗinsa sun tafi da shi, kuma daga cikin dawarsu suka fito, ta babanta Malam Rabe. 'Yan sa-kai sun riga sun fara sara daga ɗaya gefen garin. Mardiya ta tambayi abin da Baba ya ce.

"Bai ce uffan ba," in ji Inna. "Tun da ya dawo daga masallaci yana zaure yana wasa adda. Ko kokonsa bai taɓa ba."

Mardiya ta san babanta. Mutum ne mai haƙuri, amma mai haƙuri bai iya fushi ba, in ya tashi sai Allah. Nan take ta hango shi tsaye a bakin gonarsa da adda, ga samarin sa-kai da bindigoginsu na gargajiya, ga shi ba mai hana wani. Ta roƙi Inna don girman Allah kada ta bar shi ya fita. Ta ce yau kasuwar Kurfi take ci, Alhaji Ɗanmusa shugaban kwamitin ba zai wuce rumfarsa ba, can za ta same shi.

Ta koma aji ta ɗauki jakarta a gaban kowa. Dakta Abdullatif ya tsaya da magana ya tambaye ta ina zuwa. Ta ce masa an laƙaba wa dawar babanta sunan nan da ya gama faɗa. Shi ma mutumin ƙauye ne, kowa ya san ya kwaso iyayensa ya dawo da su gari bara.

"Je ki," ya ce. "Amma ki iya bakinki."

Iya baki kuma? A cikin motar Kurfi, an matse ta tsakanin wata mai buhun barkono da ƙofa, ba abin da take yi sai haɗa maganganun da za ta zazzaga wa Alhaji Ɗanmusa. Wai dawa! Mutane sun shigo gari da bindiga sun ɗauki mutum kamar an ɗauki kaza, an rasa wanda za a kama sai dawa, don ita ce ba ta da ƙafar gudu ba ta da bakin ramawa. An bar jaki ana dukan taiki, wallahi, kuma taikin talaka. Gonarsu ta daji, wadda ke ba su gero, tun bara suka bar wa ɓarayin ita, ciyawa ta cinye ta. Wannan ta bakin hanya, wadda ta taho har jikin dangar gidansu, ita kaɗai ta rage. Ita ce tuwon gidan har baɗi, ita ce kuɗin motar da ke kai Mardiya makaranta. Ga shi dawar ta fid da kai, ido ya fara zama, abin da ya rage mata kaɗan ne. A sare ta yanzu, ko kaji ba za su gode ba.

Abin bai tsaya ga tuwo ba. Dawar kaura ce, irin kakarta, wadda Mardiya ta ci sunanta, shi ya sa ma Baba ba ya kiranta sai Uwata. Tsohuwar ta zo da irin daga garinsu lokacin aurenta, tun daga nan kuwa duk kaka sai an shiga gona an zaɓi manyan zangarnu an rataye a madafa inda hayaƙi ke bugu. Bana ruwan farko ya yaudari mutane, shuka ta ƙone, Baba ya sauke ragowar irin ya sake shukawa. Ba ko zangarniya ɗaya da ta rage a rataye. Abin da ke tsaye a gonar nan shi ne duka.

Motar ta rage gudu a wani shinge, ta wuce. Can gaba suka cim ma wani mai babur ya ɗauro ƙaton damin karmami, ganyen dawa, har ba a ganin bayansa. Mardiya ta bi damin da kallo. Ta tuna suna yara, ita da yayanta Khalil, in kaka ta gabato Baba kan tura su cikin dawa su zage ganyen ƙasa a kai wa shanu. Aiki ne mai ƙaiƙayi, ganyen ya yanke ka, gumi ya shiga, ka kwana kana susa. Amma in an gama, gonar sai ta zama kara tsirara, kan dawa na sama yana ci gaba da nuna abinsa, kai kuwa kana tsaye a wannan kunya kana hango akuyar da ta shigo ta wancan gefen. Ta ji wani abu ya motsa a ranta, amma fushi bai bar ta ta tsaya a kansa ba. Ita dai so take ta ga Alhaji.

Kasuwar Kurfi ta cika, sai dai ba cikar da ba. Mutane na ciniki suna duban rana, kowa so yake ya kama hanya tun da haske. Ta ratsa 'yan tumatir da 'yan koli ta faɗa layin 'yan hatsi. Alhaji Ɗanmusa na zaune a kan buhu, tiya a gabansa, wasu dattawan Tudun Marke kewaye da shi. Sa'an babanta ne, tare suka yi makarantar allo. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta gaida dattawan, ta yi musu jaje. Iyakar ladabin da ta iya ke nan.

Daga nan bakin ya ɓalle. Ta ce an sare dawa, to sai me? Ɓarayin za su ce tunda ba dawa sun tuba? Ga kwari, ga sabara, ga duhun Allah, duk su ma za a sare su? Ta ce mutumin da aka raba da abincin shekara an kashe shi ne, sai dai ba a ji ƙarar bindiga ba. Yunwa ma rashin tsaro ce, kuma ita ba ta jiran magariba, da rana tsaka take shiga gida. Ta ce kwamiti ya zauna ya yanke hukunci a kan tukunyar mata, ba a tambayi mace ko ɗaya ba. Dattawan sai kallon juna suke, wani ya ce ikon Allah, boko ke nan. Wannan ya ƙara tunzura ta, ta manta da abin da Dakta ya ce mata.

"Baba Alhaji," ta ce, "ai mai sayar da hatsi bai kamata ya zama shi ne mai cewa a sare hatsin wani ba."

Mai auna masara a rumfar kusa ya tsaya da tiya a hannu. Magana ce mai nauyi, kuma ta san ta yi nauyi tun kafin ta gama fita. Alhaji Ɗanmusa bai ɗaga murya ba. Ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar.

"'Yar Rabe, tawa aka fara sarewa. Ni na ce a fara da ita, ina tsaye aka gama kafin in taho kasuwa. Ta fi ta babanki girma."

Mardiya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta sunkuyar da kai. Alhaji ya ce bai ji haushi ba, don wanda gidansa ke cin wuta ba a kama shi da laifin ihu. Amma ya ce tunda ta iya magana, ga wadda ya kamata ta yi wa ita. Ya nuna gefen rumfar da haɓa.

Wata mace ce zaune a ƙasa cikin hijabi ruwan toka, goyo a baya, keken ɗinki a gabanta an ɗaure kansa da tsumma. Sai da ta ɗago Mardiya ta gane ta. Saudatu ce, matar Jamaluddeen, wadda suka yi firamare benci ɗaya. Ta kawo kekenta ne a sayar, don ɓarayin sun kira sun faɗi abin da suke so. Idanunta sun kumbura, amma babu hawaye a cikinsu, sun ƙare. Mardiya ta matsa ta durƙusa kusa da ita.

"Ina ƙofar gida ina jiransa," in ji Saudatu. "Na ji ƙarar babur ɗinsa, na san ta. Na ji ta tsaya. Tsakanina da shi bai fi nan da rumfar can ba, Mardiya, amma ban ga komai ba. Dawarku ta fi mutum tsawo. Da na gan su, da na yi ihu."

Ba zagi a ciki, ba gori. Da zagi ne ma da ya fi sauƙi, don Mardiya ta zo da shirin zagi. Fushin da ta ɗauko tun daga makarantarsu a Dutsin-Ma yana nan a ƙirjinta, bai ragu ba, sai dai ya rasa wanda zai sauka a kansa. Ba Alhaji ba, ba Saudatu ba, waɗanda suka cancanta kuwa suna can daji suna cin naman shanun mutane. Ta riƙe hannun Saudatu, ta ji shi da sanyi. A nan ne damin karmamin nan na kan hanya ya dawo mata.

Ta juya wajen dattawan, ta fara da ba Alhaji haƙuri, ta ce ƙuruciya ce. Sannan ta tambaye su, shin dawar ce ke ɓoye mutum ko ganyenta? In ganye ne, ai kowa a nan ya taɓa zagar karmami. A fito da mata da samari yau, a zage ganyen tun daga ƙasa har sama da kan mutum, a bar kai ya nuna. Mai tsaye a hanya zai ga ƙarshen gona. Da zarar ta nuna, a karya ta rana ɗaya.

Aka shiga gardama. Wani ya ce zaga da wuri tana rage ido. Wani ya ce gara rabin ido da babu. Wani dattijo mai furfura ya ce to su da aka riga aka sare wa fa, su ne bayin gari? Wannan maganar ta yi zafi, don ta taɓa Alhaji kai tsaye, kowa kuma ya san haka. Ya daɗe yana juya tiya a hannunsa. Mutum ne dai, an ga abin ya yi masa ciwo, amma ya daure. Ya ce wanda aka sare wa an sare, Allah ya mayar da alheri, amma ba zai sa a ƙara zubar da abinci don a yi daidai da shi ba. Ya dubi Saudatu ya tambaye ta ko ta yarda. Ta ce ita dai a ga hanya.

Ya ciro waya ya kira shugaban 'yan sa-kai, ya ce a dakata da sara, a jira shi. Ya tambaya ko sun kai gonar Rabe. Ya saurara, ya kashe, ya ce wa Mardiya ko kusa ba su kai ba, suna can wajen makabarta.

Kai, murna! Ta yi godiya har tana haɗa kalmomi. Ta kira Inna, wayar a kashe, ta san halin batirin. Ta kira Khalil, wanda ke da shagon cajin waya a bakin masallaci, ta yi ta shiga ba a ɗauka ba. Ba ta damu ba. Ta tare ɗan acaɓa ta ce Tudun Marke, ya ce shi fa in ya sauke ta ba zai tsaya ko shan ruwa ba, ta ce ba ta roƙe shi ba.

A kan hanyar Rawayau, iska na kaɗa hijabinta, har dariya ta yi ita kaɗai. Ta ga kanta gobe a aji tana ɗaga hannu, tana gaya wa Dakta Abdullatif cewa abu na uku ba kullum yake gaskiya ba, ana iya dawo da magana kan tabarma ko an kira ta tsaro. Ta fara lissafa matan da za ta tara, da wanda za a ba karmamin. Ta ce a ranta za ta fara zagar da hannunta, ko za ta kwana tana susa.

Suka sha kwanar marken da garin ya ci sunansa. Abin da ta fara lura da shi haske ne. Wurin ya yi haske da yawa. Kullum in ka sha kwanar nan duhun dawa ne ke tarar ka dama da hagu, sai ka wuce ta sannan gari ya bayyana. Yau gari ne ya tare ta kai tsaye.

Ba ta san lokacin da ta diro daga babur ba. Dawar na kwance, kunya bayan kunya, an sare ta daga gindi an jera ta da kyau, aikin mai gona ba aikin samari masu sauri ba. Ƙamshin ɗanyen kara ya cika wurin. Can ƙarshen gonar, jikin danga, Malam Rabe na zaune a kan kunya, rigarsa ta jiƙe sharkaf, adda a gefensa. Khalil na tsaye nesa kaɗan riƙe da tasa addar, ya juya baya.

Ta ratsa gonar da gudu tana tuntuɓe da kara. Ko gaisuwa babu. Ta ce wa ya yi wannan, alhali an ce ba su iso ba? Baba ya ce ba su iso ba, shi ya yi. Sai ta fashe. Ba ta taɓa ɗaga wa mahaifinta murya ba sai yau. Ta ce ta bar karatu, ta je ta zubar da mutuncinta a tsakiyar kasuwa, ta gaya wa sa'ansa maganar da ba ta faɗuwa, ta samo izini a bar dawar a zage karmami kawai, shi kuwa yana nan yana yi wa ɓarayi aikinsu da hannunsa. Me ya sa bai jira ba? Me za su ci? Irin Kaka fa?

Ya bar ta har ta gaji. Sannan ya ce ta zauna, ta ƙi, ya ce to ta tsaya. Ya gaya mata cewa da asuba, da aka kawo maganar a masallaci, shi ma ya yi magana. Cewa ya yi a ɗan jinkirta, dawa ta kusa. Bai rufe baki ba wani daga sahun baya ya ce, wai me ya sa daga gonar Rabe suka fito, kuma me ya sa Rabe ne kaɗai ba ya so a sare? Wani kuma ya ce, ai duk wayar garin nan a hannun ɗansa take kwana, ya san mai fita ya san mai dawowa. Bai ga masu maganar ba, bai kuma juya ba. Abin da ya ba shi tsoro shi ne ba wanda ya ce musu kul.

Mardiya ta dubi bayan Khalil. Kowa a yankin nan ya san abin da ke samun wanda aka kira infoma, mai kai wa ɓarayi rahoto. Ba kotu, ba shaida, wani lokaci ko gawa ba a ba iyaye.

"Amma Baba, na samo izini," ta ce. "Alhaji da bakinsa."

"Kin samo wa dawa izini, Uwata. Abin da aka faɗa a masallaci fa, wa zai ba da izinin a goge shi?" Ya share gumi da hannun riga. "So nake duk wanda ya wuce ya ga ni na sare, ni da shi, ba wanda ya sa mu."

Maganar da ta ji da safe a aji, wadda ta yi niyyar ƙaryatawa gobe, ga ta kwance a gabanta kunya-kunya. Haushi ya cika ta har wuya, haushin masu bindiga, haushin mai bakin da ya ɓuya a sahun baya, haushin kanta da ta ɗauka ita da Alhaji ne masu yanke maganar. Ta zauna a kan kunyar, kusa da babanta.

A gefensa akwai wani ɗan ƙulli na zangarnu, ya ɗaure su da ganye. Ya ce kafin su fara sara ya bi gonar ya zaɓi waɗanda suka fi kusa da nuna, ko Allah zai sa wasu su yi. Ya miƙa mata, ya ce ta kai wa Inna ta rataye a madafa. Mardiya ta karɓa. Ta ɓalli ƙwaya ɗaya daga wadda ta fi girma, ta matsa da farce. Farin ruwa ya fito kamar nono. Ta ɗaga kai, ta ga shi ma yana kallon farcen nata. Ta goge a hijabi, ta ce za ta kai.

Rana ta yi sanyi. Wasu 'yan sa-kai biyu suka zo wucewa a babur, suka rage gudu, suka dubi gonar, ɗaya ya ɗaga hannu ya ce sannu da aiki, Malam Rabe. Baba ya ɗaga nasa. Khalil bai juyo ba sai da ƙarar babur ɗin ta ɓace.

Inna Kande ta fito daga gida da kwanon ruwa. Ta ba Malam, ta tsaya riƙe da ƙugu tana duban filin. Mardiya ta bi inda take kallo. Daga nan ana ganin hanya tas, har wurin da aka tare Jamaluddeen, har ƙofar gidan Saudatu. Bayan hanyar ga fili, bayan filin ga bakin daji, baƙi ƙirin, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin dajin daga ƙofar gidansu da damina ba. Inna ta juya ta dubi gidan, da dangar da ta tsufa ta yi ɓula-ɓula, da shanun huɗa biyu da ke ɗaure a gindin dalbejiya suna tuƙa.

"Malam," ta ce a hankali, "a shigo da shanun nan cikin gida. Yanzu tun daga bakin daji ana hango su."

Mardiya ta ajiye zangarnun a kan kunya, ta tashi ta je ta fara kwance igiya.